Bayani a Kan Mutanen Armeniya, da Hanyarsu, da Littattafansu

 A watan Nuwamba na shekarar 2025 jirgin ƙasa ɗauke da alkama ya ratsa ƙasar Azarbaijan, ya shiga ƙasar Armeniya. Wani zai ce, ina abin labari a buhun alkama? Abin labarin shi ne, an yi wajen shekara 30 kaya ba su bi ta nan ba saboda gaba. Wanda ya taɓa kwana a Gummi yana jiran a ce hanyar Anka ta yi lafiya, shi ya san darajar wannan jirgi.

Armeniya ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, ba ta da bakin teku. Turkiyya tana yamma da ita, Jojiya arewa, Azarbaijan gabas, Iran kudu. Faɗinta bai kai na Jihar Zamfara ba, mutanenta kuwa wajen miliyan 3 ne, amma 'yan'uwansu da ke warwatse a Rasha da Amurka da Faransa da Labanan sun fi na gida yawa. Su da kansu Hay su ke kiran kansu, ƙasar kuma Hayastan, babban birninta Yereban. Kiristoci ne tun da daɗewa, a lissafinsu tun shekarar 301. Malamai sun san sunan ƙasar a littattafan Larabci, watau Arminiyya. Balazuri ya kawo a cikin Futuhul Buldan yadda Habibu ɗan Maslama ya shige ta a zamanin Halifa Usmanu, ya rubuta wa mutanen birnin Dabil takardar amana a kan rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu.

Wajen shekarar 405 wani malaminsu mai suna Mesrob Mashtots ya tsara musu baƙaƙe 36, daga baya aka ƙara biyu. Daga hagu a ke rubuta su, kowane wasali da harafinsa. A lokacin an riga an raba ƙasar tsakanin Rumawa da Farisa, kowane ɓangare ana jan shi zuwa harshen mai mulkinsa. Waɗannan baƙaƙe su suka riƙe ɓangarorin biyu a kan karatu ɗaya. Sarautarsu ta ƙarshe ta faɗi a hannun Mamalik na Masar a 1375, suka zauna ba su da ƙasa mai cin gashin kanta har 1918. Fiye da shekara 500 ke nan, amma ba su narke cikin maƙwabta ba. Har waɗanda harshen Turkanci ya rinjaya a bakinsu, da baƙaƙen Mesrob su ke rubuta shi. Ajaminsu ke nan.

Fatake su ma suna da rabo a labarin. Wajen 1604 Sarkin Farisa Shah Abbas ya kwashe attajiran garin Julfa da ƙarfi, ya zaunar da su a gefen Isfahan. Suka sa wa unguwar suna Sabuwar Julfa, daga nan suka riƙa fataucin siliki tun daga Amstadam har Madras da Manila. Ba su da soja, ba su da sarki nasu. Ƙiradi su ke yi: attajiri ya ba da jari, yaronsa ya tafi shekaru, a raba riba in ya komo. Kowane yaro wajibi ne ya riƙe littafin lissafi, ya riƙa aiko wasiƙa da harshen garinsu, wanda ya ci amana kuwa labarinsa ya riga shi isa kowane zango. Da dukiyar irin waɗannan fatake aka buga littattafai masu yawa, jaridarsu ta farko ma a Madras ta ƙasar Hindu ta fito, a 1794.

Babbar musiba ta auka musu a 1915, ana cikin Yaƙin Duniya na Farko. Ran 24 ga Afrilu hukumar Daular Usmaniyya ta kama malamansu da marubutansu a Istambul, sa'an nan aka kori jama'a daga garuruwansu zuwa hamadar Sham. An kashe maza, mata da yara suka mutu a hanya da yunwa da ƙishirwa. Armeniyawa suna cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka halaka. Mafi yawan masana tarihi da ƙasashe da dama sun kira abin kisan ƙare dangi, Turkiyya kuwa ta ƙi wannan suna, tana musun adadin. Larabawa da yawa sun ɓoye masu gudu, sun riƙe marayu, Sharifin Makka Husaini kuma ya rubuta takarda yana umurni a kiyaye su.

A cikin wannan gudu, mata biyu suka iske wani babban littafin wa'azi na gidan ibadar Mush, rubutun hannu a kan fata na wajen shekarar 1200, nauyinsa kusan kilo 28. Ya fi ƙarfin mutum ɗaya, suka raba shi biyu. Ɗaya ta isa da rabinta. Ɗayar ta binne nata a Erzurum kafin ta rasu, daga baya aka tono shi. Yanzu rabi da rabi suna haɗe a Matenadaran, gidan ajiyar littattafai na Yereban, tare da dubban rubuce-rubucen hannu, har da na Larabci da Farisanci.

To, ga asalin rikicin da ya toshe hanya. Karabak yanki ne a cikin iyakar Azarbaijan wanda kafin 2023 mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne. Da Tarayyar Sobiyet ta tasar wa rushewa aka kama faɗa a kansa, daga 1988 zuwa 1994. Armeniyawa suka yi rinjaye, suka haɗa da gundumomi bakwai na kewaye, Azarbaijanawa fiye da rabin miliyan suka bar gidajensu. Wannan ma haƙƙi ne, ba a ɓoye shi. Turkiyya ta rufe iyakarta da Armeniya a 1993. A 2020 Azarbaijan ta komo da kuɗin mai da jiragen yaƙi marasa matuƙi, cikin kwana 44 ta karɓe mafi yawan abin da ta rasa. A Disamba 2022 aka toshe hanyar Lacin, ita kaɗai ce ta haɗa Karabak da Armeniya. Wata tara abinci da magani da mai suna ƙarewa. Ran 19 ga Satumba 2023 aka kai farmaki, kafin mako biyu mutum fiye da 100,000 suka fita, kusan ba a bar kowa ba.

Kada a ɗauki wannan yaƙin addini ne tsantsa. Iran ƙasar Musulmi ce, amma ta fi kusa da Armeniya, Isra'ila kuwa Azarbaijan ta ke sayar wa makamai. Ƙasa da hanya da mai su ne a gaba. Shi ya sa da shugabannin biyu, Nikol Pashinyan da Ilham Aliyeb, suka zauna a Washinton ran 8 ga Agusta 2025, babban abin da aka daidaita shi ne hanya mai wajen mil 27 da za ta ratsa kudancin Armeniya ta haɗa Azarbaijan da yankinta na Nahciban, Amurka tana da hannu a gina ta. Takardar sulhun kanta hannun share fage aka sa mata a ranar, kuma ba ta ambaci komawar mutanen Karabak ba. Manya sun sami hanya, talakan da ya bar gonarsa bai sami kome a rubuce ba.

Zamfarawa ba baƙi ba ne ga irin wannan. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a zamanin Babari, cikin ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura kafin ta zauna Anka. A zamanin nan kuma, a 2021 an rufe kasuwannin mako-mako, an yanke layukan waya don a matsa wa 'yan bindiga, mai sayen gero da mudu shi ma ya ji a jikinsa. A Janairu 2022 an kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane masu yawa suka rasu, dubbai suka gudu. Dalilan ba ɗaya ba ne da na Karabak, amma tsarin yakan yi kama: hanya ta fara mutuwa, kasuwa ta bi, sa'an nan gari ya watse.

Abin da ya kamaci malamai shi ne, kowane kundi na gado, da wasiƙun kakanni, da waƙoƙin ajami, a juya shi ko a ɗauki hotonsa, a ajiye ɗaya a wani gari. Gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna suna ajiye irin waɗannan. A rubuta sunan kowace tunga da ta tashi, da masu gonaki, da iyakoki, da shaidu, tun dattawan da suka sani suna raye, domin ran da za a koma gardama za ta tashi. Fatake su rubuta bashi da ajiya, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umurni.

Sai dai a lura, littafi ba ya maye gurbin gida. Harshen Armeniyawan yamma, na jikokin waɗanda aka kora a 1915, hukumar UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ke fuskantar ɓacewa a 2010, domin yara sun tashi a Faransa da Amurka da bakin can. Takarda tana tsare haƙƙi, amma sai an koma an yi shuka gari ke rayuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya mai da kowane mai gudu gidansa lafiya, amin.