Fom ɗin Intanet da Amanar Bayanan Jama'a



Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar makarantar Islamiyya ko ta ƙungiyar manoma ya san wahalar aikin. A raba takardu, a bi mutane ana karɓa, wasu sun jiƙe, wasu rubutun ba ya karantuwa, sannan a sa wani ya kwana yana kwafewa a kwamfuta. Wajen kwafewar nan ne suna ke sauyawa, lambar waya ta dawo da giɓi.

Yau an samu sauƙi. Mutum zai tsara fom a Google Forms, ya haɗa shi da jadawalin Google Sheets, ya tura adireshinsa ta WhatsApp. Da zarar wani ya cika ya aika, amsarsa ta faɗa jadawalin da kanta: kowane mutum da layinsa, kowace tambaya da gurbinta, har da rana da lokacin aikowa. Inda babu sabis kuwa, manhajoji irin su ODK da KoboToolbox sukan adana amsa a waya, sai an samu sabis su tura. Masu sa ido kan rigakafin shan inna a Arewa sun daɗe suna aiki da ODK.

Sai dai jadawali ba ya gyara gurguwar tambaya. In ka bar mutane su rubuta ƙaramar hukumarsu da hannu, gari ɗaya zai zo maka da rubutu iri-iri, lissafi ya rikice. Jera musu sunayen su zaɓa, ko da duka 44 na jihar Kano ne.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Jadawalin nan yana ɗauke da sunayen matan aure, lambobin wayarsu, unguwanninsu, wani lokaci har da ciwon da ke damunsu. Amma sai ka ga sakataren ƙungiya ya buɗe shi ga duk mai adireshin, ya jefa a zauren WhatsApp. Daga nan ba wanda ya san hannun da zai faɗa. A shekarar 2023 Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita. Tun kafin doka ma, addini da tarbiyya sun hana tona asirin wanda ya amince da kai.

'Yan damfara su ma sun gane sauƙin. Sukan tsara fom da sunan tallafi, su nemi BVN da lambar sirrin katin banki.

Don haka mai tsara fom, tambayi abin da kake bukata kaɗai, ka taƙaita masu ganin jadawalin, in aiki ya ƙare ka rufe fom ɗin. Kai kuma mai cikawa, kafin ka danna, bincika wa ya aiko, me zai yi da bayananka. Duk fom ɗin da ya nemi lambar sirrinka, kada ka cika shi.