Kitso da ƙwarƙwata a taƙaita labarin finafinan yaƙi

Duk malamin da ya taɓa shirya kallon fim domin ɗalibansa, ko shugaban ƙungiyar al'adu da ya taɓa tsara daren sinima a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san cewa da wuya a kalli fim kafin a zaɓe shi. Ƴan layukan nan huɗu ko biyar da ake rubutawa a bayan faifai ko cikin littafin bukin sinima su ne ke yanke hukunci. Saboda haka gurɓacewarsu ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Idan fim ya shafi yaƙi da ƙyamar juna, kuma masu zaman kansu suka shirya shi, kusan kullum zubi ɗaya ake yi wa labarinsa: maƙiya biyu sun haɗu, sun gane cewa dukkansu ƴan Adam ne, zumunci ya rinjayi gaba. Ba a faɗin wanda ya fara zalunci, ba a faɗin abin da aka ƙwace. Wannan kitso ne da ƙwarƙwata.

A dubi Daratt, wanda Mahamat-Saleh Haroun na Cadi ya fitar a 2006. Ana iya taƙaita shi da cewa wani saurayi ya shaƙu da mai gasa burodin da ya kashe ubansa. Amma fim ɗin ya buɗe ne da sanarwar rediyo cewa an yi wa masu laifin yaƙin basasa afuwa baki ɗaya. Wannan afuwa ce ta sa kaka makaho ya miƙa wa jikansa Atim bindiga. Duk taƙaitawar da ta tsallake ta, ta ɓoye tambayar da fim ɗin ya zo yi: ina marayu za su nufa idan hukuma ta ƙi yin shari'a?

Haka No Man's Land na Danis Tanović, na 2001. Sojan Bosniya da sojan Sabiyawa sun maƙale cikin rami ɗaya, na uku yana kwance bisa nakiyar da za ta tashi in ya motsa. Mai neman labarin sulhu zai sha mamaki, domin biyun sun mutu, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka tafi suka bar na ukun bisa nakiyarsa. Fim ɗin tuhuma ce ga masu kallon yaƙi hannu naɗe.

Camp de Thiaroye na Usman Sambene da Thierno Faty Sow, na 1988, ya fi kowane nuna illar wannan ɗabi'a. Sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi sun nemi haƙƙinsu na kuɗi, aka buɗe musu wuta a ranar 1 ga Disamba 1944 kusa da Dakar. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi. Wanda ya rubuta cewa fim ne kan rashin fahimta tsakanin al'ummomi ya taya mai laifi ɓoye gawa.

Za a ce wuri ya yi kaɗan, layi huɗu ba su ɗaukar tarihi. Hujjar ba ta tsaya ba. Cabascabo na Umaru Ganda, wanda aka nuna a Kan a 1969, yana shiga jimla guda ba tare da an rage masa komi ba: tsohon soja ya dawo Nijar daga yaƙin Indocin, abokai suka taya shi cinye kuɗinsa, suka watse da aljihunsa ya bushe. Wuri ya isa. Niyyar faɗin gaskiya ce ke ƙaranci, don mai talla yana tsoron kada ɗaci ya kori ƴan kallo.

Gyara yana hannun malamai da ƙungiyoyi. Su kalli fim kafin su nuna shi, su rubuta taƙaitawarsu da Hausa, su ambaci wuri da shekara da wanda aka zalunta da abin da aka hana shi. Su sa ɗalibai su rubuta tasu bayan kallo, a gwada ta da wadda ke bayan faifai. Ɗalibin da ya gano da kansa abin da aka cire daga layi huɗu, zai iya gano abin da aka cire daga littafin tarihi.