Ba kowane tarin sojoji ne runduna ba

Duk sanarwar da ma'aikatar tsaron ƙasa ta fitar da Faransanci, kafin ta isa Maraɗi, Damagaram ko Tawa ta koma Hausa a rediyo da WhatsApp. A nan ake yawan yin ɓarna. Ko mutum talatin aka tura ko dubu uku, masu fassara kalma ɗaya suka sani: runduna.

Alhali a tsarin da sojojin Nijar suka gada daga Faransa, kowane suna da girmansa. Seksiyon mutum 30 zuwa 40 ne, yawanci a hannun laftanan. Seksiyon uku ko huɗu su ne kampani, mutum ɗari da wani abu, kapitan ke riƙe da shi. Kampani da dama kuwa su ke haɗuwa su zama bataliya, mutane ɗaruruwa ƙarƙashin kumandan ko laftanan-kanal.

Kalmar birgad ta fi rikitarwa. A wajen sojojin ƙasa tana nufin dubban mutane, amma birgad ɗin jandarma ƙaramin ofishi ne a gari mai ƴan jami'ai kaɗan. Idan aka ce an kai wa birgad hari ba tare da bayani ba, mai sauraro ba zai san ko ofishin jandarma aka taɓa ko babban sansani ba.

Wannan ba gardamar ƴan boko ba ce. Uwar da ɗanta ke aiki a Tilaberi ko Difa, da ta ji "an afka wa rundunar sojoji", zuciyarta ta tashi, ko da seksiyon ɗaya ce can nesa da inda yake. Haka kuma ƴan ƙauyen da aka ce an turo musu runduna suna iya sakin jiki su koma gona, alhali mutum talatin ne a motoci uku.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Tun zamanin sarakuna ta raba dakaru masu yaƙi a ƙasa da barade masu hawan doki. Abin da ya rage ga ƴan jarida shi ne su bar runduna ga babban taro, su kira ƙananan rukunoni da sunayensu, su ƙara da kimanin yawan mutanen da sunan ke nufi. Jimla ɗaya ce, kuma ba ta tona asirin tsaro.