Chili: nauyin da ke kan masanin duwatsu a ramin El Teniente

Ranar 31 ga watan Yulin 2025, girgizar ƙasa mai ƙarfin 4,2 ta rufta wani ɓangare na El Teniente, ramin jan ƙarfe mafi girma a ƙarƙashin ƙasa a duniya, mallakar kamfanin gwamnati Codelco. Ma'aikata 6 suka rasu, dukansu na kamfanonin ƴan kwangila.

Shekaru da dama ke nan ana fasa dutse da ruwa a wannan rami. Ana huda dutsen, a tura ruwa da ƙarfi har ya tsattsage, don nauyin da ke danne ya riƙa saki kaɗan-kaɗan maimakon ya fashe lokaci guda. Masanin duwatsu ne ke nuna inda za a huda, shi ke karanta na'urorin auna motsin ƙasa, kuma bisa rahotonsa ake barin mutane su shiga.

Matsalar ita ce albashinsa na fitowa daga kamfanin da ke asara duk ranar da aiki ya tsaya. Tsofaffin ma'aikatan ramin Cominak na Akouta, da aka rufe a 2021, sun san wannan tsaka-mai-wuya. Abin jira daga binciken masu gabatar da ƙara na Chili: shin an yi gargaɗi kafin ruftawar, kuma a teburin wa ya tsaya?