Daga Jigo Zuwa Kwata: Ya Kamata Malamin Firamare Ya Koyi Gina Manhajar Intanet

'Yan uwa malamai, duk ƙarshen zangon karatu mun san abin da ke jiranmu. Aji mai yara tamanin ko fiye, kowane yaro da makin gwaji da na jarrabawa a darussa da dama, sai tarawa da rabawa da fitar da matsayi. Wasunmu kan kwana uku a kan wannan aiki da fitilar waya. Wasu kuma su kwashi takardun su kai shagon kwamfuta, su biya daga aljihunsu, a dawo musu da sunaye a karkace. A kan wannan ne mu huɗu daga wannan reshe muka ɗaura niyyar koyon gina manhajar intanet, irin wadda ake buɗewa a waya ko kwamfuta a shigar da bayanai ta yi lissafi. Bayan watanni muna faɗi-tashi, ra'ayinmu shi ne reshe ya ɗauki wannan koyo a matsayin aikinsa.

Mutanen Kura da Bunkure ba sa buƙatar dogon bayani a kan amfanin aikin da aka riga aka shimfiɗa. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, guga bayan guga. Da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja kwatoci zuwa Kadawa da kewaye, sai aikin manomi ya koma buɗe ruwa da bi da shi fage-fage. Abin da masu rubuta manhaja ke kira firamwok, wato shiryayyen harsashi, haka yake. Wasu sun riga sun haƙa babbar kwata: hanyar shiga da kalmar sirri, ma'ajiyar bayanai, kariya daga masu kutse. Mai koyo zai ja ruwan ne kawai zuwa gonarsa.

Wanda muka zaɓa shi ne Django, wanda aka rubuta da harshen Python. A ofishin wata jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka aka ƙirƙire shi, aka sake shi kyauta ga kowa a 2005, kuma a kansa aka fara gina Instagram. Akwai irinsa kamar Laravel da Ruby on Rails. Aikinsa kashi uku ne. Na farko, a faɗa masa irin bayanan da za a adana: sunan ɗalibi, aji, darasi, maki. Na biyu, a rubuta ƙa'idar aiki: a tara gwaji da jarrabawa, a jera daga sama zuwa ƙasa. Na uku, a tsara fuskar shafin da mutum zai gani. Yana zuwa da shafin gudanarwa a shirye, kuma da zarar an saka shi a kwamfuta ana iya gwada aiki ba tare da data ba.

Ba za mu ɓoye kuskurenmu ba. Da farko mun faɗa wa Django kai tsaye, muna kwafar abin da muka gani a bidiyo. Manhajar ta tashi, muka yi murna. Ranar da muka so ƙara gurbin darasi ɗaya, komai ya tsaya, allo ya cika da jan rubutu, muka shafe yamma biyu kafin mu gane cewa waƙafi ɗaya muka manta. Abin da muke hana 'yan aji uku, wato hadda ba fahimta, shi muka aikata. Dole muka koma baya muka yi makonni a kan HTML da tushen Python. Shawararmu ga mai farawa ita ce ya koyi baƙi da wasali tukuna, amma kada ya dawwama a can. Da ya iya haɗa jimla, ya kama wani ƙaramin aiki na gaske da ke damunsa.

Mun ji ƙorafe-ƙorafe, kuma ba mu raina su ba. An ce babu wuta, babu kwamfuta, albashi ba ya kai wata, ga gonar rani tana jira bayan an tashi daga makaranta. Duk gaskiya ne. Sai dai tushen Python ana koyonsa a wayar Android, kuma kwamfuta ɗaya ta ishe mu mu huɗu. An ce mun tsufa. Mu da muka haura arba'in mun shaida gemu ba ya hana ilimi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa yaranmu da yawa ba su iya karatu ba, ina ruwanmu da manhaja. Mun yarda koyar da karatu ne aikinmu na farko. Don haka ne ma muke son kwanakin da lissafin maki ke ci su dawo cikin aji.

Akwai kuma batun mutuncin sana'a. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta, kuma yaran da muka yaye su ne ke zama gaban allon hannu na rawa. A 2017 mun ga yadda aka sallami malamai fiye da dubu 21 a jihar Kaduna bayan gwajin cancanta. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, sannan a 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Sauyi na tafe. Gara ya same mu da abin hannunmu da ya same mu muna jiran a auna mu.

Gargaɗi biyu. Kada kowa ya biya kuɗi ga mai alƙawarin daloli cikin mako shida. Wannan koyo kamar shinkafa ne, yana da kwanakinsa. Sannan sunayen yara da makinsu amana ce, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A yi gwaji da sunayen ƙirƙira, kada a ɗora na gaske a intanet sai da izinin hukuma.

Roƙonmu ga shugabannin reshe kaɗan ne: kwamfutoci uku ko da na hannu ne, faifan sola ɗaya da batir, aji ɗaya kowace Asabar. A ware wa malamai mata lokacin da ya dace da su, a kuma bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yanmu da suka gama sakandare. Aikin farko takardar sakamako. Idan ta tsaya da ƙafarta, na biyu jadawalin rabon ruwa ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin yawancinmu manoma ne, mun san rigimar da ke tashi idan ruwa bai kai ƙarshen kwata ba.

Muna fatan za a saka wannan batu a ajandar taron reshe mai zuwa. Mu huɗu a shirye muke mu koyar da ɗan abin da muka sani kyauta. Allah Ya yi mana jagora.