Ɗibar Jini Sana'a Ce, Amma Sai Da Ilmi

Jama'a, zancenmu na wannan mako yana kan samarin Lamisula ta Maiduguri da 'yan'uwansu na ko'ina, waɗanda suka gama sakandare suna sha'awar aikin asibiti.

Kakanninmu sun san wanzami da ƙahonsa, amma aikin mai ɗibar jini daban yake. Wajibi ne ya san jijiyar da zai huda, kada ɗaurin dantse ya wuce minti 1, kowane majiyyaci da sabuwar allurarsa, a kuma rubuta suna jikin kwalba nan take. Allurar da aka maimaita takan yaɗa ciwon hanta ko ƙanjamau. Kwalbar da aka musanya kuwa tana iya sa a ƙara wa mutum jinin da zai hallaka shi.

Saboda haka ba a bayan kantin magani ake koyonta ba. Dokar 2003 ta kafa hukumar kula da aikin ɗakunan gwaji ta ƙasa, wadda ke tantance makarantu, tana yi wa ma'aikata rajista.

Iyaye, kafin ku biya ko kwabo, ku bincika ko hukumar ta amince da makarantar. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa.