Malamar Da Ta Shiga Majalisa Ba Ta Manta Da Aji Ba

Yau ina so in ba ku labarin wata malama 'yar ƙasar Amurka, wadda ta bar aikin kula da yara ta shiga majalisar dokoki ta jiharsu. Abin da ya sa na ɗauko labarinta kuwa shi ne wata hira da muka yi da 'yan'uwana malamai mata a makarantarmu lokacin tara. Na tambaye su sunan wakilin mazaɓarmu a majalisar jiha, kowa ta faɗa. Na sake tambaya, to, wace doka ya taɓa kai wa majalisa? Sai aka yi tsit. Abin da muka tuna kawai shi ne turmin atamfa da sabulu da aka raba ana jibi zaɓe. Ni kaina da na yi tambayar ban san amsarta ba, kunya ta ishe ni.

Sunan wannan mata Shirley Chisholm. An haife ta cikin 1924 a Brooklyn, wani yanki na birnin New York. Iyayenta baƙar fata ne, talakawa, waɗanda suka zo ci-rani daga yankin Karebiyan. Ubanta lebura ne a wata masana'antar buhu, uwarta kuwa tela ce, tana kuma yin aikatau a gidajen masu hali. Da zama ya yi tsanani, sai aka kai ta tsibirin Barbados wurin kakarta tun tana ƙarama, inda ta fara karatu a wata 'yar makarantar ƙauye mai tsananin horo. Ta komo wurin iyayenta cikin 1934, ta ci gaba da karatu har ta gama Kwalejin Brooklyn cikin 1946, daga baya kuma ta sami digiri na biyu a kan ilmin ƙananan yara a Jami'ar Columbia. Ta yi koyarwa a makarantar renon yara, ta zama shugabar irin wannan makaranta, sannan daga 1959 zuwa 1964 ta zama mai ba hukumar birnin shawara kan gidajen renon yara.

Tana wannan aiki ne tana kuma zuwa taron reshen jam'iyyar Dimokurat na unguwarsu. A can ta ga abin da mu ma muka saba gani, watau mata su ne masu tara kuɗi, su ne masu bi gida gida suna kiran mutane, amma in an zo rabon takara sai a ce ta maza ce. Cikin 1964 kujerar mazaɓarsu a majalisar jihar New York ta zama ba kowa, ta ce ita ma tana so. Maza da yawa, har da na cikin ƙungiyarsu, ba su so ba. Sai ta koma ga matan unguwa, suka fito suka zaɓe ta. Ta zauna a majalisar, a garin Albany babban birnin jihar, daga 1965 zuwa 1968. Saboda sake shata iyakokin mazaɓu da aka yi ta yi, sai da ta tsaya zaɓe sau uku a jere, cikin 1964 da 1965 da 1966, kuma duk ta ci.

A cikin shekaru huɗun nan ta gabatar da shirin doka guda 50, guda 8 suka zama doka. Zan kawo muku uku daga cikin ayyukan nata, don ku ga inda hankalinta ya karkata.

Na farko ya shafi masu aikatau. A Amurka akwai wani asusu da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kuɗi a ciki, idan ma'aikaci ya rasa aikinsa ba da laifinsa ba sai a riƙa ba shi wani abu kowane mako na ɗan lokaci kafin ya sami wani aikin. To, amma matan da ke shara da wanki da girki a gidajen mutane ba a sa su a ciki ba, kamar dai aikinsu ba aiki ba ne. Uwargida tana iya sallamar mace yau, gobe ta rasa abin ɗora tukunya. Shirley ta tsaya kai da fata har aka sa masu aikin gida cikin wannan tsari a jihar. Ku tuna sana'ar uwarta, za ku gane inda ta samo wannan ƙuduri.

Na biyu shi ne wanda ya fi taɓa mini zuciya, don ya shafi malamai mata. A lokacin, malama in ta tafi hutun haihuwa tana iya komowa ta tarar an shafe matsayin da ta kai a wurin aiki, shekarun da ta yi tana wahala sun tafi a banza. Ta kawo dokar da ta hana haka. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi shekaru tana aiki tare da malamai da iyaye mata, ta san abin da ke damunsu. Da na karanta wannan sai na tuna wata abokiyar aikina, wadda ta tafi wanka gida bayan haihuwar fari, da ta dawo ta tarar an ba wani ajinta, an kuma cire sunanta daga cikin waɗanda za a ƙara wa girma a shekarar. Ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan da goyo a baya, har mijinta ya gaji ya ce ta zauna gida. Malama ce ƙwararriya, yara kuma suka yi asararta.

Na uku shi ne shirin da ake kira SEEK, wanda ita da wasu 'yan majalisa baƙar fata suka matsa har jihar ta amince da shi cikin 1966. Shiri ne na ɗaukar 'ya'yan talakawa masu basira, waɗanda makarantun unguwanninsu ba su shirya su sosai ba, a shigar da su jami'a, a ba su darussa na ƙari, da masu ba su shawara, da ɗan kuɗin kashewa. Shirin ya daɗe bayanta, dubban yara kuma sun sami digiri ta dalilinsa.

Daga nan ne ta wuce gaba. Cikin 1968 aka zaɓe ta zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya, ita ce baƙar mace ta farko da ta taɓa shiga can, ta kuma zauna har 1983. Cikin 1972 ta nemi jam'iyyarta ta tsayar da ita takarar shugaban ƙasa, ba ta samu ba. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 2005. Yawancin mutane da wannan takara ta 1972 suke tuna ta, amma ni a ganina shekaru huɗun da ta yi a majalisar jiha sun fi zama darasi gare mu, domin majalisar jiha ita ce ta fi kusa da murhu da aji da asibitin haihuwa.

Ra'ayina ke nan, 'yan'uwa: ɗan majalisa aikinsa yin doka ne, da duba yadda gwamnati ke kashe kuɗin jama'a, saboda haka da wannan mudu ya kamata mu auna shi. Kyautar da ya yi ranar suna ko biki, Allah Ya saka masa, amma ba don ita aka zaɓe shi ba. Atamfa takan koɗe kafin shekara ta zagayo, sabulu kuwa ko mako biyu ba ya yi. Dokar da ta kare malama mai jego kuwa za ta amfani wadda ba a ma haifa ba tukuna.

Na san wata za ta ce, haba Malama, ina Amurka ina nan? Gaskiya ne, al'adunmu da addininmu da zamanmu na aure sun bambanta da nasu, ban kuwa ce mu ɗauko dokokinsu mu dasa a nan ba. Amma tun 1979 tsarin mulkinmu ya ɗauki fasali irin nasu, kowace jiha da gwamnanta da majalisarta. Kuma matsalolin nan uku da na ambata, wace ce babu ita a garuruwanmu? Ga 'yan aikatau ƙanana da ake kawo mana daga ƙauye, wasu ba su kai shekara goma sha biyu ba, ba makaranta, ba hutu, kuɗin aikinsu ma wata ce can take karɓa. A nan sai mu matan aure mu fara duba kanmu tun kafin mu tuhumi ɗan majalisa, don a ɗakunanmu suke kwana.

Wata kuma za ta ce, guda 8 cikin 50 ai faɗuwa ce. To, majalisa ba aji ba ce da malami zai ce a yi shiru a yi. Sai ka lallashi wannan, ka yi gardama da wancan, ka haƙura da wani abu kafin ka sami wani. Wanda ya kai 50 ya sami 8, ai ya fi wanda ya shekara huɗu bai ɗaga hannu ba sai ranar amincewa da kuɗin motoci.

Kada kuma a ce ina nufin duk macen da ta tsaya takara a zaɓe ta don kawai mace ce. A'a. Akwai maza masu kishin mata da yara, akwai kuma macen da in ta hau kujera ba za ta sake waiwayarmu ba. Sai dai Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan Arewa sun sami ikon jefa ƙuri'a tun 1976, bayan wahalar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha, har da ɗauri, amma a zaɓen 2023 jihohin Arewa da dama ba su zaɓi mace ko ɗaya zuwa majalisarsu ba. Alhali kuwa ranar zaɓe layinmu ne yakan cika tun da sassafe. In ana maganar hutun haihuwa ko ƙarancin ungozoma a zauren da babu wanda ya taɓa naƙuda, wa zai ce musu ga inda ke ciwo?

Saboda haka ga shawarata. In mai neman ƙuri'a ya aiko matan jam'iyya gidajenmu, ko ya zo taron ƙungiyarmu ko Islamiyyarmu, mu karɓe su da mutunci, mu ba su ruwa, sannan mu yi tambaya. In ya taɓa zama a majalisa, wace doka ya kawo? Me ya ce ranar da ake muhawara kan kuɗin ilmi da na asibiti? In sabo ne, wace doka zai fara kaiwa? Wadda ba ta fita, sai ta roƙi maigida ya tambayo mata, ai shi ma 'ya'yansa ne. Mu riƙa tunawa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in mun sayar da ƙuri'a ba mu da bakin kuka har shekara huɗu.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku dage da karatu, ku shiga ƙungiyar muhawara ta makarantarku, ku koyi tsayuwa gaban jama'a ku yi magana cikin ladabi da hujja. Shirley Chisholm ma a kwaleji ta yi suna wajen muhawara, tun ba wanda ya san za ta zama wani abu. Ni dai na yi wa abokan aikina alkawari, kafin ƙarshen wannan zango zan rubuta wa wakilinmu takarda in tambaye shi abin da ya yi, in ya ba da amsa kuma zan kawo muku ita a wannan fili in Allah Ya yarda. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, amin.